Tsohuwa da Katifa

Shekara goma sha takwas Mai Katifa ya yi da babur ɗinsa, wanda yake kira Tsohuwa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, an jera soso har rufi, keken ɗinki a bakin ƙofa. Kullum bayan sallar asuba sai ya goge Tsohuwa da tsumma kafin ya karya. Matarsa takan ce da ita ma tana samun rabin wannan kulawa, da ta yi ƙiba.

Da aka buɗe sabon titi zuwa bayan gari, ya fara kai katifu can, sai Tsohuwa ta soma ba shi kunya. Yakan tsayar da katifa a bayansa kamar allo, ya ɗaure, don kada ta lanƙwashe. A cikin unguwa lafiya lau. Amma yana hawa titin ya murɗa totur, sai injin ya kama kuka, allurar gudu ta maƙale a arba'in.

Ya yi kwana uku ba ya cin abinci sosai, ya yanke shawarar sayar da ita. Mai saye zai zo bayan la'asar. Ya tura ta garejin ɗan ƙanwarsa, makanike, a duba ta duban ƙarshe.

Makaniken ya tayar da ita, ya kasa kunne. "Kawu, wannan ai ta fi ka lafiya."

"Kai, rufa min baki! Buhun siminti biyu tana gudu da su, katifar da zan ɗaga da hannu ɗaya ta gagare ta. Wannan lafiya ce?"

"Hau baya, Kawu."

Suka hau titi. Makaniken ya ce wa kawunsa ya miƙa tafin hannu waje. Da gudu ya ƙaru, sai hannun ya koma baya kamar an ture shi.

"Ka ji ko? Iska ce. In ka ninka gudu, turinta sai ya ninka huɗu, ƙarfin da injin zai kashe kuwa takwas. Kai kuma ka kafa mata bango guda ta tura."

Mai Katifa ya ce, "Ikon Allah. Ashe abin da ba a gani ma kaya ne."

Suka koma shago, suka naɗe katifa kamar tabarma, suka kwantar da ita a tsawon babur. Allura ta wuce sittin, dattijo yana dariya hularsa na neman tashi. Ya sassauta da kansa, ya ce hamsin ta ishi mai iyali.

Bayan la'asar mai saye ya tarar da shi a ƙofar gida tsugune yana goge fitila.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji shi. "Laifina ne na ɗora mata. Ni da ita mun shirya, na fasa sayarwa."

Daga cikin gida matarsa ta ɗaga murya: "Ni dai ba a taɓa ba ni haƙuri haka ba!"