Gadin Ƙofar 'Yata

Bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru, 'yata ta fari tana koyarwa a Kwoi. Wata Asabar ta sauka Kafanchan da akwati da keken rubutu, ta ce ta ci gasar rubuta labari. Kyautar kuwa hutu ne daga aiki har ƙarshen damina, da wani tsohon malami daga Zariya da zai riƙa duba mata aikin. An ba ta ɗaki a can Zariya, ta ce ta fi son gida.

"Mama, abu ɗaya nake roƙo. Kada kowa ya shigo mini."

Ni ban yi makaranta ba. A wurinmu kuma mace ba ta kulle kanta da rana tsaka sai ta haihu ko an yi mata mutuwa. Sai na ɗauke ta mai jego. Ruwan zafi da safe, kunun acca, gwate da rana. In ajiye a bakin ƙofa, in koma gindin mangwaro ina fere citta, idona a kan hanya.

Matan zumunta na cocinmu suka zo, wai gaisuwa.

"Uwar malama, me kike ɓoyewa? Ko ciki ne?"

"Ku da kuka saba, ku je ku duba naku 'ya'yan."

Fasto ma ya zo, ya ce ko shi ba zai shiga ba? Na ce, "Baba Fasto, ranar Lahadi za ka gan ta."

Tsohon nan kaɗai nake bari ya wuce. Jirgin ƙasa ke kawo shi. Su zauna ƙofa a buɗe, tana karanta masa da Turanci, da wata murya mai sanyi wadda ban san tana da ita ba. Ya yi dariya, wani lokaci ya cire tabarau. A cikin Turancin nakan tsinci sunan ƙauyenmu, da sunan rafin da na yi wanka ina yarinya. Hannuna ya tsaya a kan cittar.

Ran nan na kasa haƙuri. Da ta fito da kwano na ce, "Ke, me kike faɗa wa baƙo a kan rafinmu?"

Ta durƙusa kusa da ni. "Mama, labarin bai nuna ba tukuna. In ya fito littafi, ni da bakina zan juya miki shi da yarenmu, daga fari har ƙarshe."

Na ƙara tsananta gadin, don ta gama da wuri.

Ta gama. Tsohon ya tafi da takardun wajen masu bugawa. Shi ne kuma ya nemo mata karatu a ƙasar waje, ta tafi kafin a buga. A tasha na gyara mata ɗankwali, na ce ta riƙa cin abinci. Can ta yi aure, can ta zauna.

Littafin ya iso ta gidan waya. Na san hotonta a bayansa, ta rame. Malamin makarantar Lahadi ya ce in kawo ya fassara mini, ƙannenta ma sun yi ta naci. Na ce ba su suka yi mini alkawari ba. Har yau ban san abin da ta ce a kan rafin nan ba.