Girar da Kaka ta gane

Jiya a kasuwar Diffa ƙamshin busasshen tattasai ya buge ni, sai na tuna Kaka.

Ba ta tambayar baƙo sunansa. Sai ta kama haɓarsa da hannunta mai yaji, ta juya fuskar wajen haske, ta ce, "Wannan goshin na gidan wane ne." Ban taɓa ganin ta yi kuskure ba.

Ran da ƴan bindiga suka ƙetaro kogin Komadugu, muna shanyar tattasai. Duk sun naɗe fuska, sai idanu. Muka sunkuyar da kai, ita kuwa ta zuba wa ɗayansu ido.

"Kai ba jikan mai kifin nan na Bosso ba ne? Girarsa ce sak. Uwarka tana nemanka, ɗana."

Na ja zanenta. "Kaka, yi shiru."

Ya daɗe yana kallonta. Ita kaɗai ya harbe.

Tun ranar ba na duban fuskar kowa, ƙafafu nake kallo. Yanzu tata fuskar ma ta fara ɓace mini.

Allah Ya haskaka fuskarki, Kaka, Ya sa in gane ki ran da muka haɗu.