Dattin Ba a Shinkafa Yake Ba

Sallama gare ku 'yan'uwa. Na san na ɓace muku. Masu neman masar biki sun yi ta kira ba a ɗauka, har wata ta tambayi babbar 'yata Zainab ko Umara na tafi ban yi sallama ba. Ina nan unguwarmu Ɗan Iya, ban je ko'ina ba. Ido ne ya zaunar da ni, kuma na ga gara in ba ku labarin, musamman mu da muka haura sittin.

Abin ya fara wata safiya ina juya ƙullun masa. Sai na ga baƙaƙen ɗigo a ciki, wasu kamar guntun gashi. In na kai cokali zan kwashe sai su matsa.

Wanda ya san ni ya san ba na wasa da tsabtar ƙullu. Na kira Zainab ta duba, ta ce, "Umma, ni fa ban ga komai ba." Na ce ai ku ko kyankyaso ne a ciki ba za ku gani ba. Na tace, na sake tacewa, daga ƙarshe awakin maƙwabta suka sha.

A ranar kuma na fara ganin haske yana giftawa ta gefen idona na dama, kamar walƙiya, alhali babu hadari. Na ce hayaƙin itace ne da zafin tanda. Na rambaɗa kwalli, na sa aka sayo min maganin ɗigawa a kemis. Babu ciwo, babu ƙaiƙayi, idon bai yi ja ba. Wannan shi ya yaudare ni, don a wajenmu idon da bai yi ja ba lafiyarsa ƙalau.

Washegari sabon ƙullu ya sake yin haka. Na ce to shinkafar ce. Na hau keke mai ƙafa uku da ragowar buhun sai kasuwar Wunti, wajen Mama Ngozi, wadda na daɗe ina sayen shinkafa a hannunta. Da faɗa na je, ko gaisuwar kirki ban yi mata ba.

Ta ɗebi shinkafar a faranti, ta baza a rana, ta duba. Sannan ta dube ni.

"Hajiya, wannan shinkafa ba shi da datti. Ɗaga kai ka duba sama. Kana ganin baƙin a can ma?"

Na ɗaga kai. Suna nan suna yawo a sararin sama.

"Rufe ido ɗaya."

Na rufe na dama, sama ta yi fes. Na rufe na hagu, ga su nan birjik. Ba zan ɓoye muku ba, gabana ya faɗi.

Ta ce, "Maigidana haka ya fara. Ya ce sai ya gama kasuwan Kirsimeti. Yanzu wannan ido ba ya ganin komai. Bar buhun nan, tafi asibiti yau."

Na ce ina da masar biki ranar Asabar. Ta ce, "Amarya zai ci burodi."

Zainab ta same ni a asibitin ido. Muka yanki kati, muka bi layi. Aka sa ni karanta haruffan bango, na karanta sumul, har na fara jin kunyar zuwa. Sai aka ɗiga min wani magani mai buɗe ƙwayar ido, komai ya koma dishi-dishi. Likita ya haska ciki da fitila mai ƙarfi, yana cewa, "Mama, dubi sama. Dubi ƙasa. Dubi kunnenki na dama." Can ya sake haska wuri ɗaya.

Ya ce a can bayan ido akwai wata siririyar fata, da ita muke gani. In shekaru suka ja, ruwa mai kauri da ke cikin ido yakan janye jikinsa ya fizge ta, fizgar ce walƙiyar da nake gani. "Yawancin mutane abin a nan yake tsayawa. Ke taki ta ɗan yage. In ruwa ya shiga ta ƙarƙashi ta ɗaye, idon zai iya rufewa."

Na tambaye shi ko zai kai bayan Asabar. Ya ce ba zai yi min wannan alkawarin ba.

Kuɗin aikin ba kaɗan ba ne, sai da uwar adashinmu ta ba ni ɗaukata kafin lokaci. Ina zaune ina jiran a kira ni, abin da ya tsaya min a rai shi ne karatun Alƙur'anina na safe. Na ji tsoro ƙwarai.

Ashe ba yanka ba ne. Na ɗora haɓa a kan na'ura, wani koren haske ya riƙa ƙyaftawa yana liƙe gefen yagewar. Akwai ɗan zogi, amma wanda ya saba da fallatsin mai ba zai kira shi ciwo ba. A ranar na koma gida, aka hana ni ɗaukar kaya mai nauyi na wani lokaci. Zainab ce ta soya masar bikin.

Da na koma, likita ya ce wurin ya kama. Ɗigon sun ragu, sauran kuma ya ce in saba da su.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, na gode wa likita da ma'aikatan jinya, da Zainab, da matan adashinmu. Mama Ngozi, Allah ya saka miki da alheri, ya ba maigidanki lafiyar idon da ya rage.

Shawarata ita ce, in baƙaƙen ɗigo suka bayyana maka farat ɗaya, ko walƙiya ba hadari, ko inuwa kamar an ja labule ta gefe, ka nufi likitan ido a ranar. Kada ka jira ciwo, ba zai zo ba. Ka tafi da ɗan rakiya, don maganin yana dusashe gani na wasu awanni. In kuma ka ga tsohuwarka tana korar ƙudan da ita kaɗai take gani, kada ka yi mata dariya, ka tare mata keke.

Wannan rubutu da idon dama na karanta shi kafin in tura muku, na hagun a rufe da tafin hannu. Har ƙarshe na kai.