Kwana Ashirin da Ɗayan Hajiya Humu

Hajiya Humu 'yar zangon Kumasi ce. Ta zo Beltsville, nan Amurka, da akwati ɗaya, ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi, tana yi musu wanka tana ba su abinci a baki. Shekara goma sha ɗaya tana can. A cikinmu Hausawan yankin kuwa, duk macen da ta rasu daga Takoma Park har Manassas, ita ake kira wankan gawa. Safar hannu da sabulu ba sa rabuwa da jakarta.

Shekarar da Ebola ta ɓarke, mahaifiyarta ta rasu, ta je gida Ghana ta dawo. A nan ne Dakta Maitama, shugaban ƙungiyarmu, ya samu abin yi. Daktan nan na gina gada ne, ko allura bai taɓa riƙewa ba, amma ka kira shi Malam ka ga yadda fuska za ta canza. Bayan sallar Juma'a ya miƙe ya ce kada wanda ya kusanci Humu sai ta cika kwana ashirin da ɗaya, kwanakin da cutar kan ɓuya a jiki. Bai tsaya nan ba, ya buga waya wurin aikinta ya ce shi dakta ne, yana gargaɗi. Washegari suka ce ta zauna a gida.

Edna Kambai, nas ce mai aikin lafiyar jama'a, 'yar kudancin Kaduna, ta zo har masallaci ta same shi.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "cutar nan ba ta shiga Ghana ba. Ka duba taswira mana, ai ku ne masu ilimi."

Ya ce rigakafi yake yi. Ta ce to ya kira mutanen ya gyara maganarsa. Ya ce zai duba. Bai duba ba.

Ana cikin haka surukarsa ta rasu a Manassas. Matan da ke gidan, masu digiri bibbiyu, babu wadda ta san ta ina ake farawa. Har azahar gawa na kwance. Sai ga Dakta a ƙofar Humu, ni na raka shi don bai san gidan ba. Ya tsaya can bakin mota yana sallama.

Ta leƙo da jakarta riga a kafaɗa.

"Dakta, yau kwana sha tara. Saura biyu. Tsohuwar za ta jira?"

Ya yi ta shafa hula.

"Hajiya, a yi haƙuri."

"Haƙuri na nan. Wayar da ka buga fa, tana aljihu?"

A gabanmu ya kira wurin aikin nata. Turancin da ke zuba ranar Juma'a ya koma in'ina. Ya faɗa musu shi ba likita ba ne, suka sa ya maimaita. Sannan suka ce ai sun ɗauki wata tun makon jiya.

Humu ta ji komai. Ta buɗe mota ta zauna a gaba, daf da shi, ta je ta yi wa tsohuwar wanka yadda ya kamata.

Yanzu bas biyu take hawa zuwa sabon aiki a Takoma Park, kamar wadda ta zo jiya. Shi kuwa yana nan a sahun gaba, ana ce masa Dakta.