Gwangwanin da ke Gindin Gawo

Hayatu direban babbar mota ne, yana ɗaukar siminti daga Malbaza zuwa duk inda aka tura shi. Iyalinsa na wani ƙauye kusa da Tajaye, sai ya yi mako uku bai kwana gida ba. Ba shi da yawan magana. In an zauna hira, shi ne mai juya hula a hannu yana sauraro.

Bai san ranar da aka haife shi ba. Takardarsa shekara kawai ta ambata, ita ma da ƙiyasi. Shi ya sa da matarsa Ikilima ta haihu bayan shekara shida ana jira, ya rubuta ranar a jikin ƙofar motarsa. Yarinyar ita ce Kyauta. Ranar da ta zo duniya yana kan hanya, abin kuma bai taɓa barin ransa ba.

Wani abokin aikinsa ne ya nuna masa yadda ake sa ɗigo a taswirar waya, mutum ya bi shi har ya isa. Daga nan Hayatu ya ƙirƙiro wasansa. Duk shekara, kafin ranar haihuwar Kyauta, sai ya ɓoye wani tsohon gwangwanin madara, ya aika ɗigon zuwa wayar Ikilima. Yarinyar ta riƙe wayar, yaran gida na biye, har su tono. Ko yana gida ko ba ya nan, ta san babanta ya tuna.

A daminar da za ta cika takwas, ya zo da kansa. Ana gobe ranar, da tsakar rana, ya naɗe gwangwanin a baƙar leda, ya ɗaure da zare saboda ruwa, ya binne a gindin gawon da ke iyakar gonarsu da ta Baba Amadu. Gero ya yi tsawo, iyakar ta ɓace masa. Ya yi taku biyu cikin gonar tsohon bai sani ba. Bai kuma san wata mai neman itace ta gan shi durƙushe ba.

Washegari da hantsi Ikilima ta shigo da sauri, zaninta na karkacewa.

"Baban Kyauta, ina ka sa abin nan?"

"Gindin gawo. Lahiya?"

"Ba lahiya ba. Hauyar Baba Amadu ta taɓa shi. Ka san sansa na huɗa ya mutu makon jiya. Cewa shikai sammu aka binne mishi, kuma an ce kai aka gani."

Hayatu ya miƙe ya nufi gona. A ƙauye irin nasu, wanda aka ce ya binne wa maƙwabci asiri ya gama yawo. Ba mai cin tuwon gidansa, ba mai tsayawa kusa da shi a sahu. Shi zai hau mota ya tafi, amma Ikilima ce za ta je rijiya kullum, Kyauta ce za ta zauna a lakwal, wato makaranta, ana nuna ta da baki.

Ya iske mutane sun kewaye gawon, kowa ya ja baya. An rufe ramin da ƙaya, gefen ledar na leƙowa. Liman, Malam Zakariya'u, na tsaye yana jan carbi. Baba Amadu ko sallamarsa bai amsa ba.

"Hayatu, da ubanka muka share dajin ga. Mi na yi maka?"

"Wallahi Baba, wasan yara ne. Kyautar ɗiyata ce, yau ta cika shekara takwas."

"Yo kyauta a rame? Gidanku ba ɗaki?" in ji wani daga baya. Aka yi dariya, amma gajeruwa.

Hayatu ya fiddo waya ya nuna ɗigon da jerin lambobinsa. Nan ya ƙara ɓata lamarin. Wata tsohuwa ta leƙa, ta dafe ƙirji ta ce ga lissafin nan har an rubuta. Ya ce to bari ya buɗe a gani. Baba Amadu ya tare shi da ƙotar hauya.

"Wanda ya ɗaure ai ya san yadda zai kwance ba a gane ba."

Gumi ya jiƙe wa Hayatu riga. Can ya dubi liman.

"Malam, mutum na barin ɗiyarsa ta taɓa mugun abu?"

"Ba ya bari."

"To a kira ta. Kada kowa ya nuna mata wurin."

Aka aika gida. Jiran ya yi wa Hayatu tsawo kamar tafiyar Agadas. In wayar ta ɓata hanya fa, kamar yadda takan yi in hadari ya haɗu? In yarinyar ta ga taro ta tsorata ta koma?

Sai ga ta tsakanin gero, kanta sunkuye kan wayar uwarta, tana ƙirga taku a fili. Ta karkata hagu, ta wuce gawon. Ta tsaya, ta juyo, ta ratsa tsakanin manya ba ta ko ɗago ba.

"Kaka, gafara, kana tsaye kan ɗigona."

Baba Amadu ya matsa. Ta janye ƙayar, ta tona da hannu, ta ciza zaren ta tsinke. A ciki akwai 'yan kunne, da dabino, da ɗan littafin da take rubuta sunanta duk shekara. Liman ya karɓa yana buɗawa. Shafin farko dangwalen yatsa ne da shuni, na gaba haruffa ne a karkace, na bara kuwa sun miƙe.

Mutane suka fara gyaran murya, amma Hayatu bai kula su ba. Tsohon kawai yake kallo. Kyauta ta bi taron tana rabon dabino yadda ta saba yi wa yara, har ta zo gaban tsohon ta miƙa. Baba Amadu ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Kowa ya san in ya jefar, maganar ba ta mutu ba.

"Wanga ya yi tauri, amarya. So kike ki ƙarasa mini haƙora in kasa cin tuwonki?"

"Ka tsotsa mana, Kaka."

Ya yi bisimilla ya jefa a baki. Sannan ya saɓa hauyarsa, ya dubi Hayatu a karon farko.

"Baɗi in za ka binne, ka zo in nuna maka iyaka. Kai direba ne, ba ka san gona ba."

Hayatu ya ce to. Ya durƙusa ya mayar da ƙasar ramin da hannunsa, ya gyara gindin geron da aka tattaka.