Wurin da Kwamfutar Mai Kyamara Ke Tuntuɓe

Mai Kyamara ake kiransa har yau, ko da yake kyamarar ta daɗe da hawa saman kabad, cikin jakarta mai ƙamshin tsohuwar fata. A zamaninsa babu makarantar da za ta yaye ɗalibai ba a gan shi ba, sanye da farar riga mai guga, akwatin nan mai nauyi a kafaɗa, ido ɗaya a rufe. Da yayin kaset ya wuce, bai yi fushi da duniya ba. Ya sayi kwamfuta, ya kama ɗan shago kusa da na tela, ya koma juye wa mutane tsofaffin bidiyonsu zuwa irin wanda waya ke iya nunawa.

Yayarsa ce ta kawo masa aikin da ya kusa ƙara masa furfura a wuni ɗaya. Motar la'asar za ta shiga, ta koma wurin ɗanta da zama. Garin da nisa, ita kuma da bakinta ta ce ba ta jin ƙafafunta za su sake kawo ta. Abu ɗaya take so a wayarta kafin ta tafi: bidiyon ranar da autarsu ta gama makaranta, domin nan kaɗai aka taɓa ɗaukar mahaifiyarsu tana motsi, tana magana. Kaset ɗin kansa danshi ya cinye shi tuni. Allah ya taimaka ya riga ya kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta, sai dai fayil ɗin ƙato ne, kuma waya ba ta san irinsa ba.

"Zauna, Yaya, kafin ki gama shan ruwa an gama," in ji shi.

Ya buɗe manhajar da ke yin juyin, ya zaɓi irin bidiyon da waya ke karɓa, ya danna. Wani koren layi ya fara rarrafe a allo. Ya wuce rabi lafiya lau, sai ya tsaya cik, manhajar ta rufe kanta ba ko sallama.

Ya sake. Ta sake mutuwa.

Tela ya leƙo ta taga da awo a wuya. "Maƙwabci, ko zazzaɓi take yi ne? Ka juya mata fanka mana."

Abin dariya, ya juya mata fankar. Ya rufe duk sauran abubuwan da ke buɗe, ya share tarkace don a sami wuri, ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya cire manhajar, ya sake saka ta. Ya gwada wani bidiyon daban, ya juyu sumul. Ya dawo kan na Inna, koren layin ya je daidai inda ya saba, ya faɗi.

"Na sha ruwan, ƙanena, har ya bi jikina," Yaya ta ce. "Ko in je in yi sallama da mutane in dawo?"

"Ki yi haƙuri dai. Ba ciwon kwamfuta ba ne. Kullum wuri ɗaya take tuntuɓe, ashe akwai dutse a wurin."

Sai ya bar juyin, ya buɗe asalin bidiyon, ya ja shi zuwa wurin. Ga ɗalibai a jere, ga shugaban makaranta yana ta jawabi. Can sai hoton ya yage, ya yi rawa, sauti ya yi ƙara, sannan komai ya dawo, amma da ɗan dishi-dishi. Mai Kyamara ya dafa goshi, ya fashe da dariya.

Masu ɗaukar bidiyo na wancan lokaci duk sun san dabarar. In jawabi ya yi tsawo, zaren kaset ya kusa ƙarewa, akwai wani ɗan maɓalli a gefen kyamara da ake turawa, zaren ya rage gudu, ragowar ta isa har a tashi. Tsohuwar na'urar kallo ba ta damu ba, takan yi ɗan tari ta wuce. Ita kuwa manhajar zamani, da ta iso inda hoto da sauti suka rabu da juna, sai ta rikice ta kwanta. Ya bayyana musu cewa maɓallin nan ya tura a ranar.

"Wato kai ne da kanka ka haƙa ramin," in ji tela.

"Shugaban makaranta ne ya haƙa, da dogon surutunsa. Ni cikewa na yi."

Ya yanka bidiyon gida biyu, ya zubar da ɗan yagaggen wurin, ya juya kowane ɓangare shi kaɗai. Na farko ya wuce. Da aka zo na biyu, inda Inna take, har tela ya tsayar da kekensa. Koren layin ya rarrafa, ya yi ɗan jinkiri, ya kai ƙarshe. Ya haɗe su, ya tura wa Yaya a waya.

Ta riƙe wayar nesa da ido kamar mai karatun jarida. Ga Inna a kujerar ƙarfe, ƙarama fiye da yadda suke tuna ta, tana fifita da takardar shirin taro. Ta juyo, ta dubi wata a bayan mai ɗaukar bidiyon, ta ɗaga murya:

"Ke, kin kwashe shanyar nan kafin mu fito? Ga hadari can."

Iyakar maganarta ke nan a duk bidiyon.

"Na kwashe, Inna," Yaya ta ce wa wayar.

Ta share ido da gefen mayafi, ta sa ya nuna mata inda za ta danna in tana son a maimaito. Sannan ya ɗauki jakarta, ya ce wa tela ya duba masa shago, suka nufi tasha. Tana gaba yana biye, Inna kuma tana ta tambayar shanya a tafin hannunta.