Injin Jan Jirgi a Garejinmu

Ni na zaɓi injin nan, ba wani ba. Gara in faɗi wannan tun farko.

Garejinmu yana Yelwa, a hanyar da ke gangarawa bakin ruwa. Ni da yayana muke riƙe da shi tun rasuwar mahaifinmu. Yawancin aikinmu na masu a-kori-kura ne. Da damina su zo a ɗora musu rufin baya na ƙarfe, kada ruwa ya taɓa busasshen kifi. Da an fara yankan shinkafa a Shanga su dawo a cire, don buhu ya hau sama. Rufin nan sai mutum shida, su ma da nishi. Shekara da shekaru muna roƙon 'yan kabu-kabu da masu wucewa su kama mana. Bayana ya gaji. Da safe sai na dafa bango nake miƙewa.

Inji biyu na gani, duk masu aiki da wuta. Na farko a shagon wani mai kayan lantarki cikin kasuwa, ɗan ƙarami, wanda aka yi don ɗaga kaya sama. Mai shagon ya ce akwai burki a cikinsa, ko wuta ta ɗauke kaya na nan inda ya tsaya. Na raina shi. Na biyu a bakin ruwa ta wajen Ngaski, wurin wani dattijo mai gyaran jirage. A gabana injin ya jawo ƙaton jirgin katako daga cikin ruwa har kan tudu, igiyar ƙarfensa ko gezau. Na ce abin da ya ja jirgi, rufin mota ai wasa ne.

Dattijon bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Malam, wanga na ja ne, ba na ɗagawa ba. Jirgi in ya tsaya, ƙasa ce ke riƙe da shi."

Na ce ja da ɗagawa duk abu ɗaya ne, juya shi sama kawai za a yi. Ya dube ni, ya koma kan aikinsa.

Na sayi injin. Muka yi waldar ƙarfe a tsakiyar rumfa, muka rataye shi. Satin farko mutane har tsayawa suke kallo. In danna maɓalli, rufi ya tashi shi kaɗai. Na ji daɗi, na kuma cika baki.

Amma aikin yana da yadda ake yinsa. Notukan rufin daga ciki suke, dole wani ya shiga bayan motar ya kwance su, ya kuma tsaya a ƙarƙashi yana tallafe rufin da hannu kada ya goge kan motar. Yayana ke shiga. Gajere ne, kuma tun muna samari wurinsa ke nan.

Wata rana muka bar rufi a rataye muka tafi Azahar. Da muka dawo sai na ga kamar ya sauko. Na ce idona ne. Washegari na shata alli a jikin ginshiƙi daidai bakin rufin. Kafin in gama cin abinci ya wuce shatin da yatsa uku. Na matsa kusa na kasa kunne. Can cikin injin wani abu na cewa ƙas. Ya yi shiru. Ya sake cewa ƙas.

Na ce, "Yaya, in an ɗaga ka riƙa fitowa da wuri."

Ya ce, "Mi ya faru?"

"Ba komai."

Ya yi dariya. "Kai da ka kawo muna giwa, yanzu tsoronta kake ji? Ka riga ni tsufa."

Na sa tsumma na goge allin. Motoci na layi a waje, shinkafa ta nuna, ni kuma ba na son a ce na yi zaɓen banza. Na ce bari kaka ta wuce in canza shi.

Ranar da abin ya faru hantsi ne. Motar wani mai fataucin kifi ce, ya ƙara wa rufinta ƙarafa a sama don ɗaure kwanduna. Na danna, rufi ya tashi kamar kamu ɗaya, sai wayar fitila ta maƙale. Yayana ya durƙusa yana warware ta. Nan wuta ta ɗauke. Injin markaɗen maƙwabta ya mutu, unguwa ta yi tsit. Sai na ji shi sarai. Ƙas.

"Yaya, fito."

"Bari in cire wayar ga."

Ƙas. Ƙas.

"Yaya!"

Ya ɗago ya dube ni, ransa a ɓace don na ɗaga masa murya gaban mutane. Igiyar ta sake.

Bai mutu ba. Bakin rufin ya same shi tsakanin wuya da kafaɗa. Ya daɗe a asibiti. Yanzu in ka kira shi da dukan jiki yake juyowa, hannun hagu kuma ba ya riƙe sifana. Kullum yana zuwa gareji, ya zauna kan benci yana nuna mini inda zan sa hannu.

Duk wanda ya zo gaishe shi, yayana ce masa yake masu ɗauke wuta ne suka ja masa. Ina jin sa, ina ɗaure noti. Ban taɓa gyara masa maganar ba.